Mofin a ruwan laka: sharhinmu kan allurar baya mai kashe zafin tiyata

Mu ma'aikatan sashen sa barci ne a ɗakin tiyata a nan Sakkwato, kuma wannan sharhi ne kan abin da hannunmu ya saba da shi, wato haɗa ɗan mofin ko fentanil, magungunan kashe zafi masu ƙarfi, cikin allurar baya don kashe zafin aiki. Hukuncinmu tun daga farko shi ne, a cikin duk hanyoyin rage wa wadda aka yi wa aikin haihuwa raɗaɗi, ba mu ga wadda ta kai wannan amfani da arha ba. Sai dai sharaɗinta mai nauyi ne. Dole a samu wanda zai riƙa ƙirga numfashin mara lafiya har gari ya waye, kuma a ajiye naloksan, maganin da ke karya mofin, a kusa. Inda babu waɗannan biyu, ba mu goyon bayan a sa mofin ko kaɗan.

Allurar baya ta tsufa. August Bier ne ya fara yi wa mutum ita a Jamus a 1898, da hodar koken. Sa mofin a ciki kuwa ya zo daga baya sosai: a 1976 Yaksh da Rudy suka nuna a jikin ɓeraye cewa lakar baya da kanta tana da wuraren da mofin ke kamawa ya toshe saƙon zafi kafin ya kai ƙwaƙwalwa, a 1979 kuma Wang da abokan aikinsa a Amurka suka gwada wa masu ciwon daji. Tunda maganin yana sauka daidai ƙofar da zafi ke bi, ɗan mitsitsi ya isa. Ƙiyasin da aka saba koyarwa shi ne miligiram 1 a ruwan laka, wato ruwan da ke kewaye da lakar baya, yana daidai da kusan miligiram 100 ta jijiya, ko 300 ta baki. A nan amfanin yake, a nan kuma haɗarin yake, domin kuskuren ɗigo ɗaya ba ƙaramin kuskure ba ne.

Ga yadda ake yi wa mai aikin haihuwa. Kafin komai a sa mata ƙarin ruwa ta babbar jijiya, a auna jini, a ɗaura na'urar auna iskar jini a yatsa. Sai ta zauna a gefen gado, ƙafafu a kan kujera, ta rungumi matashi. Mukan ce, "Hajiya, saki kafaɗunki, ki sunkuya kamar kina duba cibiyarki, kada ki motsa sai mun ce." Mai allurar ya rufe baki da hanci da takunkumi, saboda ƙwayoyin cutar da ke bakin ma'aikaci sun sha haddasa sanƙarau ta wannan hanya. A goge baya da maganin kashe ƙwayoyin cuta, a jira ya bushe ƙarau, don shigarsa cikin laka ɓarna ce. A lalubo saman ƙasusuwan ƙugu biyu, layin da ya haɗa su yana ratsa kusan ƙashin baya na huɗu na ƙugu. Ana shiga tsakanin na uku da na huɗu, ko na huɗu da na biyar, domin a babba laka tana ƙarewa wajen na ɗaya zuwa na biyu, kuma ba a so tsinin allura ya taɓa ta. Allurar siririya ce, lamba 25 ko 27. Idan ta shiga wurin, ruwa garau kamar hawaye zai taru a gindinta yana ɗiga a hankali. Sai an ga wannan ruwa ake tura magani, cikin daƙiƙa 10 zuwa 15.

Abin da ke cikin sirinjin yawanci uku ne. Akwai bufibaken mai nauyi, wadda aka fi sani da Marcaine, mililita 2 zuwa 2.5 na mai ƙarfin kashi 0.5 cikin ɗari, ita ce ke kashe jiki daga nono zuwa ƙasa na kusan awa biyu. Akwai fentanil maikirogiram 10 zuwa 25 (maikirogiram dubu ne ke yin miligiram ɗaya), wanda ke kamawa cikin minti biyar zuwa goma, ya rage jin ja da murɗawa lokacin da likita ke taɓa mahaifa da hanji, ya sake bayan awa biyu zuwa huɗu. Sannan mofin maikirogiram 100, wanda ba ya fara aiki sai bayan minti 30 zuwa 60, amma yakan riƙe awa 12 zuwa 24. Ƙara mofin ya haura maikirogiram 150 ba ya sayo komai sai 'yan awoyi kaɗan, a biya da amai da ƙaiƙayi mai yawa. Ga tsoho da ya karye a ƙugu, 100 ce iyaka a wurinmu, sau da yawa ƙasa da haka. Wanda za a sallama a ranar, kamar mai aikin gwaiwa, ba a sa masa mofin, fentanil ya wadatar.

Daɗin abin a ɗakin masu jego ake ganinsa. Wadda aka dogara da allurar fenta a cinya don rage mata zafi, za ka same ta tsakanin magagi da kuka: allura ta kama ta yi barci, ta sake ta farka tana riƙe da ciki, tari ma tsoronsa take yi. Wadda aka sa wa mofin a baya kuwa idonta biyu, hankalinta ɗaya, tana iya gyara kwanciya ta sa jariri a nono tun awar farko, kuma abin da ke shiga nono daga wannan ɗan ƙanƙanin magani bai kai ya dami jariri ba. Da ƙafafu sun dawo, takan tashi zaune, washegari ta taka zuwa banɗaki. Tashi da wuri yana rage daskarewar jini a jijiyoyin ƙafa da ciwon ƙirji. A kula, fenta da ake faɗa a asibitocinmu fentazosin ce, ita da fentanil ba dangin juna ba ne a ƙarfi ko a awo, kuma bai kamata a taƙaita sunan ɗaya a takarda yadda za a ɗauka ɗayan ne ba.

Wurin da aka fi yin mummunan kuskure shi ne wajen surka maganin, don haka za mu daɗe a kansa. Kwalbar mofin da aka fi samu tana ɗauke da miligiram 10 a mililita ɗaya. Abin da ake buƙata kashi ɗaya ne cikin ɗari na wannan kwalba. Babu sirinjin da zai ja wannan kai tsaye, sai an surka sau biyu. A ja mililita ɗayan nan a cika da ruwan gishiri na asibiti zuwa mililita 10, ya zama miligiram 1 a kowace mililita. A ɗebi mililita ɗaya daga nan a zuba a sabon sirinji, a sake cikawa zuwa 10, ya zama maikirogiram 100 a kowace mililita. Wanda ya manta surki na biyu ya ninka maganin sau goma, ga shi sirinjin biyu kamarsu ɗaya, ruwa ne fari a ido. Saboda haka kowane sirinji a manna masa takarda nan take, mutum biyu su duba tare da ɗaga murya, a kawar da sirinjin farko daga tire kafin mara lafiya ta zauna. A takarda kuma a rubuta maikirogiram 100 da cikakkun haruffa, domin ɗigon da ke cikin miligiram 0.1 yakan ɓace a rubutun gaggawa. Ragowar a zubar a gaban shaida a rubuta a littafin magunguna masu tsaro. Ajiye surkakken sirinji ana ɗiba wa mutum bayan mutum har yamma, don tsimi, hanya ce ta kai ƙwayar cuta cikin laka.

Haka nan ba kowace mofin ce ke shiga baya ba. Sai wadda aka rubuta a jikinta cewa babu sinadarin hana lalacewa, domin irin su fenol da ake sa wa wasu kwalabe guba ne ga jijiyoyi. Idan rubutun bai fito ba, ko kwalin ya ɓata, a haƙura. Akwai kuma wani kuskure da ya ci rayukan mata a ƙasashe da dama, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a kansa a 2022: kwalbar tiranekzamik, maganin tsayar da zubar jini, tana kama da ta bufibaken, kuma dukansu suna yawo a ɗakin aikin haihuwa. Idan aka tura ta a laka, sai jijjiga da rikicewar bugun zuciya, sau da yawa mutuwa. Kada a taɓa ajiye su a tire ɗaya ko aljihun kabad ɗaya. Ita kanta bufibaken ana so a ajiye ta inda zafi bai wuce digiri 25 ba, mu kuwa a watan Afrilu da Mayu zafin Sakkwato yana haura 40, don haka ɗakin ajiyar magani ma abin dubawa ne.

Faɗuwar jini a mintocin farko aikin bufibaken ne, mofin ba shi da hannu. Ana auna jini kowane minti ɗaya ko biyu a farkon minti goma, a karkata mai ciki zuwa hagu kaɗan, a riƙe efedirin, maganin ɗaga jini, a sirinji. Idan ta ce zuciyarta na tashi a wannan lokaci, jini ne ya sauka, a ɗaga shi kafin a nemi maganin amai.

Laifin mofin na farko da kowa zai gani shi ne ƙaiƙayi. Yakan fara a hanci da kewayen ido, sai ka ga mai jego tana ta murza hanci da bayan hannu, daga nan wuya da ƙirji, babu ƙuraje babu borin jini. Masu ciki sun fi kowa samunsa. Daga laka yake tasowa, shi ya sa Piriton ba ya yi masa wani abin kirki, sai dai ya ƙara barci, wanda shi ne abin da ba a so. Mafi yawa bayani da tsumma mai sanyi sun isa, idan an gaya wa mace tun kafin aiki cewa zai zo kuma zai wuce. Mai tsanani ana ba shi ɗan naloksan kaɗan, maikirogiram 40, wanda ke rage ƙaiƙayin ba tare da ya dawo da zafin duka ba. Amai kuma ondansetiron miligiram 4 ta jijiya yana taimakawa, gara a ba da shi tun a ɗakin tiyata. Riƙewar fitsari ba ta cika damun masu aikin haihuwa ba tunda da robar fitsari a jikinsu, amma dattijo mai kumburin mafitsara a bar masa robar har awa 24, in ba haka ba mara za ta cika ta kumbura yana ta juyi ba a san dalili ba.

Babban abin tsoro shi ne numfashi. Fentanil mai son maiƙo ne, yana shigewa cikin laka nan da nan a inda aka zuba shi, in zai taɓa numfashi a awa biyun farko ne, lokacin mara lafiya na gaban ma'aikata. Mofin kuwa mai son ruwa ne, yana zama cikin ruwan laka yana haurawa sannu a hankali har ya kai gindin ƙwaƙwalwa inda ake sarrafa numfashi, bayan awa 6 zuwa 12, wani lokaci har 24. A lissafa: matar da aka yi wa allura da la'asar, ƙarfe huɗu, lokacin haɗarinta yana faɗawa tsakanin goma na dare da huɗu na asuba. A lokacin nas ɗaya ce ko biyu a kan gadaje masu yawa, wataƙila an ɗauke wuta, mai jinya kuma ta shimfiɗa tabarma a ƙasa. Da ƙaramin awo irin na 100 abin ba ya yawan faruwa ga mace mai lafiya, amma idan ya zo ba ya sallama.

Alamarsa ta farko barci ne mai nauyi, kafin numfashi ya ragu. Wannan ne ke yaudarar dangi. Uwa ta ga 'yarta ta sha wahalar naƙuda kwana biyu, yanzu ta samu barci har da minshari, sai ta ce wa nas, "Don Allah 'yata, bar ta ta huta." Amsar da ta dace ita ce, "Inna, tashinta shi ne maganin, in ta amsa sai ta koma." A kira sunanta, a taɓa kafaɗa. Wadda ta buɗe ido ta yi magana daidai lafiya take. Wadda ta buɗe ido ta koma barci a tsakiyar magana, a kira likita. A ɗora ido a ƙirji a ƙirga numfashi na cikakken minti ɗaya da agogo, ko da fitilar waya ce. Ƙasa da 10 a minti gargaɗi ne, 8 ko ƙasa gaggawa ce. Na'urar yatsa tana da amfani amma takan makara, musamman ga wanda aka sa wa iskar oksijin, lambar na iya nuna kyau alhali iska mai guba na taruwa a jini. Ƙa'idar da ƙungiyar likitocin sa barci ta Amurka ta shimfiɗa ita ce dubawa kowace awa a awa 12 na farko, sannan kowace awa biyu har a cika 24. Ga mai jego lafiyayya da aka ba ƙaramin awo an sassauta zuwa kowace awa biyu na awa 12.

Idan numfashin ya ragu haka, a tashe ta da ƙarfi, a ɗaga haɓa a buɗe hanyar iska, a sa oksijin, jakar hura numfashi na kusa. Kwalbar naloksan maikirogiram 400 ce, a surka ta zuwa mililita 10, a riƙa tura mililita ɗaya ko biyu kowane minti biyu har ta farka numfashi ya haura 10. Wadda numfashinta ya tsaya cak a hura mata, a tura kwalbar duka. Abin da ake mantawa shi ne ƙarfin naloksan yana gushewa cikin minti 30 zuwa awa ɗaya, mofin kuwa yana nan a laka. Mace ta farka kowa ya yi hamdala ya watse, bayan awa ɗaya ta sake nutsewa. Dole a ci gaba da ba ta naloksan ta cikin ƙarin ruwa, a kuma mayar da ita inda ido ba zai bar kanta ba. Ba a fafe gora ranar tafiya, kafin a buɗe kwalbar mofin a tabbatar naloksan na cikin ɗakin da za ta kwana, da hannu a taɓa shi a duba ranar lalacewarsa.

Yawancin matsalar numfashi tana zuwa ne idan an ɗora wani magani a kan mofin ɗin. Nas ɗin dare ba ta san abin da aka sa a baya ba, sai ta bi al'ada ta yi allurar fenta, ko Phenergan don amai, ko Valium don barci. Shi ya sa muke so a rubuta da jan biro a bangon fayil: an sa mofin a laka ƙarfe kaza, kada a ba da wani mai sa barci har awa 24 sai da izinin likitan sa barci. Abin da ake haɗawa da shi lafiya shi ne farasitamol giram 1 kowace awa shida a kan lokaci, ba sai zafi ya zo ba, da dikulofenak idan babu zubar jini, ciwon ƙoda, gyambon ciki ko asma. Masu ƙiba sosai, masu minsharin da numfashi ke yankewa, da masu jijjigar ciki da ke kan allurar maganiziyam, waɗanda ba su da wuyar samu a ɗakunan haihuwarmu, su ne za a fi sa wa ido, ko a tsaya a fentanil kawai. Allurar bayan gaba ɗaya ba a yin ta ga wadda jini ya zube mata sosai, ko jininta ba ya daskarewa, ko akwai ƙurji a wurin, ko ta ce ba ta so. Wanda ke kan allurar tsinka jini ta rigakafi a jira awa 12 daga ta ƙarshe, mai cikakken awo kuma awa 24.

Mutane da yawa suna zuwa da tsoron cewa allurar baya tana bar wa mutum ciwon baya na har abada ko ta shanye ƙafafu. Wurin yakan yi tsami kwana biyu ko uku, amma bincike bai nuna tana haddasa ciwon baya mai daɗewa ba, kuma lahani ga jijiya abu ne mai wuyar aukuwa ƙwarai. Abin da ya fi faruwa shi ne ciwon kai bayan kwana ɗaya zuwa uku, mai tsananta in an tashi zaune, ya lafa in an kwanta, saboda ruwan laka na yoyo ta hudar. Allura mai kauri da mai baki kamar reza ta fi jawo shi, mai tsini kamar fensir ta fi sauƙi. Wadda ƙafarta ba ta fara motsi ba bayan awa huɗu, ko ta dawo ta sake mutuwa, ko zazzaɓi da sanƙarewar wuya suka biyo baya, wannan ba na jira ba ne.

Game da masu ciwo mai daɗewa, ra'ayinmu ya sha bamban. Akwai famfo da ake dasawa a ƙarƙashin fatar ciki, faɗinsa bai kai tafin hannu ba, da siririn bututu da ke zagayawa ya shiga ruwan laka yana ɗiga mofin dare da rana. An fara dasa irinsa a farkon shekarun 1980. Na kamfanin Medtronic yana ɗaukar mililita 20 ko 40, ana cika shi da allura ta fata duk wata ɗaya zuwa uku gwargwadon awo, batirinsa kuma ba ya wuce shekara bakwai, sai a sake tiyata. Ga mai ciwon daji da ya bazu a ƙugu ko ƙashin baya, wanda mofin na baki ya kai shi ga amai da ruɗewa ba tare da zafin ya kwanta ba, yana aiki ƙwarai. Amma kuɗinsa miliyoyin naira ne, kuma wahalar tana bayan dasawa. Idan allurar cikawa ta kauce ta zuba maganin wata uku a ƙarƙashin fata, mutum na iya mutuwa cikin awoyi. Idan bututu ya lanƙwashe ko famfo ya ƙare, sai zafi ya dawo da gumi, gudawa da rawar jiki. Wani lokaci tsiro yakan fito a bakin bututun ya danne laka, alamarsa zafi na ƙaruwa duk da ƙarin magani, ƙafafu na rauni. Daɗewa a kansa kuma yana rage sinadaran sha'awa da na haila. Mutumin da ke Isa ko Sabon Birni, wanda zuwansa cikin gari ya dogara da lafiyar hanya, ba zai iya alkawarin ranar cikawa ba. Duk wanda aka yi wa tayin dasa shi a Indiya ko Masar, ya fara samun amsar wane ne zai cika masa a gida, da wane magani, da wace na'urar saita shi, kafin ya biya ko sisi. Ga ciwon baya na yau da kullum da ba na daji ba, ba mu ba da shawararsa.

Mafi yawan masu ciwon daji da ke zuwa Sakkwato daga Kabi, Zamfara da Jamhuriyar Nijar ba su kai ga buƙatar famfo ba, abin da suka rasa mofin na sha ne a kan ƙa'ida, bisa matakan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar tun 1986: a fara da miligiram 5 kowace awa huɗu, rabin haka ga wanda ya rame sosai, a riƙa ƙarawa gwargwadon zafi, tare da maganin sakin ciki tun ranar farko. Ƙalilan da wannan ya gaza musu, kuma kwanakinsu suka rage makonni, ana iya sa musu siririn bututu a baya a bi da shi ƙarƙashin fata ya fito ta gefen ciki, a haɗa da ƙaramin famfo na waje mai tura mofin da bufibaken kaɗan. Wannan sai a asibiti ko kusa da shi, da matatar ƙwayoyin cuta a bakin bututun, ana duba wurin fitarsa kullum, a auna zafin jiki safe da yamma, kuma da an ga ja, ruwa ko zazzaɓi a kira likita a ranar.